Soron Injin Kaka

A bakin fadamar da ke gabas da unguwarmu a Danja akwai wani soron ƙasa da ya girmi duk wanda ya rage a zuriyarmu, in ban da Goggo. Kakanmu ne ya sa aka gina shi saboda injinsa na matse rake, shi ya sa har yau ba a kiransa da wani suna sai soron inji, ko da yake injin ya daina juyawa tun ina firamare. Tsawonsa taki goma sha biyu ne, faɗinsa takwas. Kaurin bangonsa daga tushe ya kai kamu biyu, yana sirancewa sannu a hankali har ya kai rawani. Ƙofa ɗaya gare shi, da 'yan tagogi biyu can sama waɗanda kan yaro ma ba zai shiga ba. In ka shiga ka ɗaga kai, za ka ga baka biyu sun taso daga bangaye huɗu sun gicciye a tsakiya, irin ɗaurin da magina ke kira ɗaurin guga, an kafa wata farar tasa a mahaɗarsu. A ƙofar soron kuma akwai wani zagaye a ƙasa wanda kofaton doki ya daɓe shekara da shekaru, har ciyawa ta yi fushi da wurin.

A tsakiyar wannan zagaye injin yake tsayawa. Wanda bai taɓa ganin yadda ake mazarƙwaila ba zai ɗauka wani babban abu ne, alhali kuwa 'yan ƙarafa ne mulmulallu a tsaye, masu haƙora a sama, sai wani dogon itace da aka ɗora musu a ka. Ana ɗaura doki a ƙarshen itacen, doki ya yi ta kewayawa, ƙarafan su yi ta juyawa, mutum ɗaya yana durƙushe yana cusa rake a tsakaninsu. Ruwan ya tsiyaye cikin garwa, tuƙar ta fito ta ɗaya gefen a shanya ta, gobe ita ce makamashin da za a dafa ruwan da ita. Rake ke dafa kansa. Ana zuba ruwan a manyan kasake bisa dogon murhu, ana kwashe kumfa, ana juyawa, har ya yi kauri ya koma ja, sannan a zuzzuba a ƙananan kwanuka ya daskare. Aikina a wannan masana'anta shi ne bin doki da tsumagiya in na dawo daga makaranta. Dokar Kaka ɗaya ce, kuma ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: mai riga mai faɗin hannu ba ya kusantar ƙarafan nan, domin in suka kama, doki bai san abin da ake ciki ba, tafiyarsa kawai yake yi.

Soron shi ne rumbun wannan aiki. Mazarƙwaila ba ta son zafi, ba ta son laima, in ta sami ɗayansu sai ta yi gumi ta narke. A cikin soron ake jera ta har fatake su zo su ɗauka zuwa Funtuwa da Zariya da Kano. In damina ta kawo kai, sai a kwance injin a shafe shi da baƙin mai a shigar da shi ciki, sai wani hunturun. Ƙamshin sukarin da ya ƙone ya kama bangon nan ta yadda, in an yi ruwan farko, har yau yakan taso.

Yadda aikin ya mutu ba wani dogon labari ba ne. Kaka ya rasu, dokin ya tsufa ya bi shi, masu hali suka koma injin mai amfani da fetur, Baba kuma ya ga tumatir ya fi rake saurin kawo kuɗi, ya juya fadamar. Soron ya zama ma'ajiyar taki da tsofaffin kwanduna, jemagu suka tare a rufinsa. Abu ɗaya ne Baba bai taɓa fasawa ba: duk bazara, kafin hadarin farko, sai ya sa an hau an share indararo an yi yaɓe. Da ciwo ya kwantar da shi aka tsallake damina biyu. A ta uku ba ya duniya.

Da aka zauna rabon gado, sai ga shi wurin da kowa ya raina ya zama wurin da ya fi ko'ina daraja, domin nan motocin tumatir ke tsayawa su yi lodi. Yayana, wanda shi ne ya riƙe gida da gona tun da Baba ya kwanta, ya riga ya gama lissafinsa: a rushe soron, a yi shaguna uku na bulo, a kafa injin niƙa a ɗaya. Baffa, wanda ya shugabanci zaman, ya ce wannan ita ce shawarar mai hankali. Ni ne auta, ni ne kuma wanda aka sayar da buhunan masara aka tura Zariya ya karanta tsara gine-gine. Na buɗe baki na yi dogon bayani a kan tarihi da al'ada da abin da za mu nuna wa jikoki. Yaya ya bar ni har na kai aya, sannan ya ce, "Auta, kai a ina kake kwana?" Na ce a Zariya. Ya ce, "A ɗakin ƙasa?" Na yi shiru. Ya ce, "Ɗakin bulo, da kwano, da silin, da fanka. Mu ne za ka bar wa kwaɓa ƙasa duk shekara, kai kuma ka zo da salla ka ɗauki hoto."

Ban sami amsa ba a ranar, kuma ban ga laifinsa ba. 'Yan boko irina mun iya yabon ginin ƙasa daga nesa. Wanda ya kwana a ƙarƙashinsa cikin marka yana sauraren ɗigar ruwa ya san abin da mu ba mu sani ba. Duk damina sai an ji labarin bangon da ya danne mutane cikin dare. Ginin ƙasa yana rayuwa ne da gayya, da hannuwa masu yawa da ke da lokaci a bazara. Yanzu bazarar manomin Danja ta zama lokacin ban ruwa da tsinkar tumatir, samarin da za su taka ƙasa kuma suna kan babur. Talakan da ya tara kuɗi ya sayi bulo hutu yake saya, ba ƙin gadon kakanninsa yake yi ba. Na roƙi Baffa a ba ni wata uku kafin a yanke magana, ya ba ni biyu.

Abin da ke yawo a kaina tun a wurin zaman wani hoto ne da wani malaminmu ya taɓa haska mana a aji, na wani gidan niƙa a birnin Wincesta na ƙasar Ingila. An gina shi ne a kan kogin Itchen, ruwa na bi ta ƙarƙashinsa yana tura wata ƙatuwar ƙafa mai fukafukai, ƙafar tana juya duwatsun niƙa a sama. Ginin da ke tsaye yanzu na 1744 ne. Da aikin niƙa ya tsaya aka yi niyyar sayar da shi, sai wasu masu kishin garin suka saya suka damƙa wa ƙungiyar da ke kula da kayan tarihin ƙasar. Daga 1931 ya zama masaukin matasa matafiya, aka shekara fiye da saba'in ana kwana a cikinsa, kuma a 2004 duwatsunsa suka sake niƙa alkama. A can doka ce ta hana mai irin wannan gini ya canza masa kama sai da izini. Mu ba mu gaji niƙa da ƙarfin ruwa ba, don rafukanmu baƙin damina ne, da rani yashi suke komawa. Ƙarfin da ya ciyar da ƙasar Hausa na damtsen mata ne a kan dutsen niƙa da turmi, sai na jaki da sa da doki. Saboda haka in ana neman ɗan'uwan wancan gini a wajenmu, to, soron Kaka ne. Bambancin shi ne ba wata doka da ta san da zamansa. Hukumar kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, tana kare wuraren da aka ayyana ne, kuma ban yaudari kaina da cewa za a ayyana rumbun mazarƙwailar wani manomi ba. Abin da na riƙe daga labarin Wincesta shi ne shekarun nan saba'in na kwanan matafiya. Ginin ya tsira ne domin an sama masa aikin yi a lokacin da aikinsa na asali ya ƙare.

Na ce bari in je in ga yadda namu suka tsira. Na fara da Gidan Makama a Kano, wanda ake danganta asalinsa da Muhammadu Rumfa, Sarkin Kano daga 1463 zuwa 1499. Na sha shigarsa ina ɗalibi, amma wannan karon ban kalli sulke da bindigogi da tsofaffin ƙofofin gari ba. Rufi na je kallo, da gindin bango, da bakin indararo. Gidan nan ya yi zaman gidan sarauta, da Turawa suka ci Kano a 1903 suka yi ofis a cikinsa, daga baya wani sashe ya zama makaranta, wani ya zama gidan tarihi. Gidan Ɗan Hausa ma haka: nan Hans Bisha ya zauna, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909, yau kuma hukumar tarihi da al'adu ta Jihar Kano ce a ciki. Daga nan na wuce Katsina, na tsaya a tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Kilifod ya buɗe a 1922 zamanin Sarki Muhammadu Dikko. A cikin waɗannan azuzuwa na ƙasa Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam suka yi karatu. Makarantar ta tashi zuwa Kaduna a 1938, daga can ta koma Zariya ta zama Kwalejin Barewa, amma ginin ya tsaya a inda yake, aka sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1959. Duk ukun, babu wanda ke aikin da aka gina shi dominsa, kuma babu wanda aka taɓa kullewa aka jefar da makulli na tsawon zamani.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda ke kusa da inda nake kwana, Masallacin Juma'a na birnin Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Duk wanda ya karanta gine-gine a ƙasar nan ya san bakunansa. A shekarun 1970 aka gina sabon masallaci na siminti aka lulluɓe tsohon a cikinsa, aka rasa wasu sassansa na waje. A lokacin da na je, ruwa ba ya taɓa shi, amma mai wucewa a titi ba zai san yana nan ba. Wanda ke son ganin kamarsa ta waje sai ya je Jos, gidan tarihin gine-ginen gargajiya da Farfesa Dmochowski ɗan ƙasar Folan ya assasa, inda aka gina kwatankwacinsa. Na daɗe ina zargin waɗanda suka yi wannan lulluɓi. Da na zauna a ƙarƙashin bakunan nan bayan la'asar, da matsalar soronmu a wuyana, sai zargin ya ragu. Su ma jama'a ce ta yi musu yawa, damina kuma ba ta jiran a gama muhawara. Har yanzu ina ganin an yi asara, sai dai na daina ganin kaina a matsayin wanda da shi ne da ya fi su dabara.

Na dawo Danja da littafi cike da zane, amma wanda ya warware maganar bai taɓa riƙe fensir ba. Wani tsohon magini ne a wani ƙauye kusa da Dabai, wanda mahaifinsa na cikin waɗanda suka ɗaura rufin soron. Na ɗauko shi a babur. Bai gaisa da kowa ba sai da ya kewaya ginin sau biyu yana ƙwanƙwasa bango da sandarsa, yana kara kunne. Ya sa aka kafa tsani ya hau, da tsufansa, ya yi ta taka rufin da tafin ƙafa kamar mai neman ƙaya. Ya sauko ya shiga ciki, ya ɗauki wuƙa yana tsokanar azara ɗaya bayan ɗaya yana neman gara. Na kasa haƙuri na ce, "Baba, zai yi kuwa?" Ya ce, "Yaro, ginin nan bai mutu ba, yunwa yake ji." Azara biyar ce kawai ta ruɓe, a kusurwar da indararo ya toshe ruwa ya kwanta. Bangon gabas kuma ya zaizaye, don a ƙasarmu daga gabas hadari ke tasowa, shi ke shan dukan ruwa.

Na kawo masa shawarar da nake alfahari da ita, wadda nake ganin za ta gamsar da Yaya: a bar soron, a kafa injin niƙan a cikinsa, gidan inji ya koma gidan inji. Tsohon ya yi dariya har ya yi tari. Ya ce baka ba ya son rawa. Ya ɗauki karare ya nuna mini a ƙasa abin da na karanta a littafi ban gane ba. Azara, wato tsagin giginya, gara ba ta cika cinta ba, amma ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazara ta wuce kamar mita biyu. To yaya za a rufe ɗaki mai taki takwas? Sai a dasa azara a cikin bango ta leƙo kaɗan, a ɗaura wata a kanta ta ƙara leƙowa, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da ƙasa, a bari ta bushe, sannan a ƙara wani hawa, daga wannan bango da wancan, har su haɗu a sama. Abin da ido ke gani kamar lanƙwasa ɗaya, gaɓoɓi ne da aka ɗaure, busasshiyar ƙasa ta riƙe su. Doki na kewaya shi shekara arba'in bai dame shi ba, don tafiyar doki lallashi ce. Injin gas kuwa girgiza yake yi daga safe har dare. Zai saki ƙasar daga jikin azara kaɗan kaɗan, ranar da zai sauko kuma ba zai yi sallama ba.

Goggo ce ta raba gardamar. Ba ta da kaso a gadon, amma ita kaɗai ta rage da ta ga ranar da aka kafa farar tasar nan. Ta ce wa Yaya, "Kai Babangida, da kuɗin abin da aka jera a ɗakin nan aka yi mini kayan ɗaki, da shi aka biya sadakin uwarku. In za ka rushe, ka bari in rufe ido." Ta juyo kaina ta ce, "Kai kuma mai boko, so ba a baki yake ba. Me za ka bayar?" Abin da na bayar shi ne kasona na fadama. Aka rubuta, Baffa ya sa hannu: soro da taki biyar kewaye da shi nawa ne, fadamar da ta faɗo mini ta koma wa Yaya, shi kuma zai gina shagunansa da rumfar inji can gefe a kan nasu harsashin, nesa da bangon. Na ba da ƙasar da ke haihuwar kwandunan tumatir duk rani na karɓi ɗakin da ke cin kuɗi duk bazara. Inna ba ta ce komai ba sai da muka keɓe, ta ce, "Allah ya sa ba za ka yi kuka da wannan ciniki ba." Kuma da aka ja igiyar awo, wurin da ya dace da rumfar injin bai zama ko'ina ba sai kan zagayen doki. Ina tsaye aka haƙa shi. Ƙasar ta yi tauri har sai da diga ta yi ta tsalle.

Gyaran ya ci wata biyu da kuɗin da ya ninka abin da na yi zato. Azara ta yi tsada don giginya ta yi ƙaranci. Samarin da muka ɗauka sun iya jera bulo da igiya da ma'auni, amma ba wanda ya taɓa mulmula tubali. Sai da tsohon ya zauna ya koya musu yadda ake jiƙa ƙasa da ciyawa a bar ta ta kwana ta ruɓa, a taka, a sake jiƙawa. Makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, sai da muka yi cigiya a ƙauyuka kafin mu tara abin da zai isa. Laso kuwa, wanda ake haɗawa da katsin karofi don rufi ya ƙi ruwa, mun haƙura da shi, don marinar da za ta ba mu katsi ta daɗe da mutuwa a yankinmu. A nan na gane cewa sana'o'in nan a sarƙe suke: da marini ya rufe karofinsa, ashe rufin magini ma ya ji a jikinsa.

Sai kuma kuskuren da ba wanda zan ɗora wa sai kaina. Ina tunanin maganar Yaya ta kwaɓa ƙasa duk shekara, na yanke shawarar a shafe bangon gabas da siminti, a huta. Tsohon ya ce, "Siminti da ƙasa ba sa aure. Ƙasa numfashi take yi, in ta sha ruwa ta fitar. Shi kuwa toshe mata hanci zai yi." Na san wannan magana, an koya mana ita a aji da Turanci. Amma ina so in nuna wa 'yan gidanmu cewa tsohon gini ba dole ne ya zama wahala ba, kuma, in faɗi gaskiya, ina so a ga hannun mai digiri a jikin aikin. Na kawo wani birkila ya buga ƙusoshi da waya ya shafe bangon sumul. Tsohon ya naɗe tabarmarsa, ya ce in an gama a aika masa.

Daminar farko bangon ya yi kyau, har mutane na tsayawa suna yaba mini. Da rani ya yi 'yan tsage-tsage kamar gashi, ban kula ba. A damina ta biyu ruwa ya bi tsagar ya shiga bayan simintin, ya rasa hanyar fita, ya yi ta jiƙa ƙasar a ɓoye. Wani dare cikin watan Agusta, ana tsakiyar marka, shafen ya ɓalle gaba ɗaya ya faɗo, ya tafi da kusan taƙi guda na naman bangon. Allah ya kiyaye dare ne, ba kowa a wurin. Ruwa ya shiga ya jiƙa buhunan masara huɗu na wata maƙwabciyarmu da ta ba da ajiya, na biya ta.

Ina Zariya aka buga mini waya da asuba. Duk hanya, daga Hunƙuyi har gida, ina shirya abin da zan ce wa Yaya, don na san ranar da zai ce ai ya faɗa ta zo. Da na iso na tarar da shi a kan tsani, jiƙe sharkaf, shi da babban ɗansa, sun rufe bangon da tamfol ɗin da yake shanya tumatir, sun tokare baka da itatuwa daga ciki. Tun ƙarfe uku na dare suke wurin. Ya sauko ya dube ni, ya ce, "Ka je ka ba tsohon nan haƙuri, ka ɗauko shi." Bai ƙara ko kalma ɗaya a kai ba, har yau. Daga baya Inna ta gaya mini cewa da ya ji faɗuwar bangon, ko takalmi bai tsaya sawa ba.

Tsohon ya dawo, bai yi mini gori ba shi ma, sai dai ya sa ni na cire takalmi na shiga cikin masu taka ƙasa, a gaban yaran da ke kirana injiniya. Muka jira ruwa ya ɗauke, aka kankare ragowar simintin, aka cike bangon da tubali, aka yi masa yaɓe da makuba.

Yau shekara huɗu ke nan soron yana aiki. Da rana 'yan mata masu kawo niƙa suna zama a ciki suna jiran layi, don duk zafin bazara in ka shiga sai ka ji kamar an zuba maka ruwa. Shagunan bulon da ke gefensa kuwa da azahar ba sa zaunuwa, Yaya da kansa a soron yake ƙailula. Manoman da motarsu ba ta zo ba sukan shigar da kwandunan tumatir su kwana, su ba da ɗan abin da ake tarawa don yaɓe. Mun sa lantarki mai amfani da hasken rana, amma ba mu ɗora faifan a kan rufi ba, don kada a huda shi. A kan turken ƙarfe yake a waje, wayar ta shiga ta taga. Da dare ana cajin waya a kusurwa ɗaya, wani malamin firamare yana koya wa yara lissafi a ɗayar. Kuɗin da ke shigowa bai kai rabin abin da fadamata za ta ba ni ba, kuma akwai shekarar da na yi kukan da Inna ta yi mini addu'ar kada in yi. Injin Kaka yana nan a jingine a bango, an shafe shi da baƙin mai. Yara suna tambaya ina ake zuba masa fetur.

Tsohon magini ya daina hawa tsani, idonsa ya yi rauni. Cikin samarin da ya koya wa mulmula tubali, duk sun koma bulo, in ban da ɗan Yaya, wanda ya bi shi ƙauye hutu biyu ba wanda ya aike shi. Uban yana so ya karanta aikin likita, ni kuma na kama bakina, don na riga na ci rabona na gardama a gidan nan. Bana da bazara ta yi, na zo daga Zariya ranar Asabar da niyyar in nemo masu yaɓe, na tarar an riga an jiƙa ƙasa tun Laraba. Yaron yana kan rufi yana zaro shekar tsuntsu daga bakin indararo. Ya leƙo ya ce, "Baffa, akwai wata tsaga a nan kusa da rawani, yatsana yana shiga. In cike ta yanzu, ko in bari a kwaso Baba ya taɓa tukuna?" Na dubi gabas, sama ta fara haɗa gira. Na ce ya sauko ya ɗauki babur.